Har yaushe za mu ci gaba da liƙa fastar wasu?

Shamsu Na'ibawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana damu na, ina so mu tattauna ta a nan ba tare da zage-zage ba, don Allah.

Ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara. Na shugaban ƙasa ya sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisar jiha daga 30 zuwa 25, aka bar gwamna da sanata a 35. Muka yi ta murna muna cewa an buɗe mana ƙofa. Da zaɓen 2023 ya zo, hukumar zaɓe ta INEC ta ce mutum miliyan 93.4 ne a rajistarta, sama da miliyan 37 daga ciki 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, kusan kashi 40 cikin 100 ke nan. Ranar zaɓen shugaban ƙasa waɗanda suka fito duk ƙasar nan ba su kai miliyan 25 ba. Wanda ya ci, da ƙuri'a kusan miliyan 8.8 ya ci. Ku lissafa da kanku: da rubu'in matasan da ke cikin rajista sun tsaya a bayan mutum ɗaya, da sun wuce wannan adadin.

Amma kullum mu ne masu liƙa fasta da daddare, mu ne masu rakiyar ayari a kan babura, mu ne masu zagin juna a Facebook saboda mutanen da 'ya'yansu ke cin abinci tare. To ina gizo yake saƙar? Mu ne ba mu shirya ba, ko kuwa hanyar ce a toshe?

Auwal Ɗan Gombe:
Wa alaikumus salam. Malam Shamsu, hanyar ce a toshe, kuma da kuɗi aka toshe ta. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, sanata miliyan 20, majalisar wakilai miliyan 10, majalisar jiha miliyan 2. PDP ta sa nata na shugaban ƙasa miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan matakin sai ya tara albashinsa na sama da shekara 5, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi fom mafi arha na APC. Ko da rangwamen rabin kuɗi da suka ce sun yi wa matasa, wa ke da shi? Kuma fom shi ne ƙaramin abu. A lokacin ga daliget, wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, suna jira, ga motocin kamfen, ga wakilan akwati, ga lauya idan an je kotu. Dokar nan 'ya'yan masu shi ta yi wa amfani. Da suna jira su kai 30, yanzu a 25 ake ba su.

Baba Iro Ƙofar Mata:
Yarana, ku ba tsoho dama ya sa baki. Auwal, ɗana, abin da ka faɗa na kuɗi gaskiya ne, ban musa ba. Amma in tambaye ka: ran 8 ga Agustan 1950 da mutum 8 suka zauna a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, nawa ke aljihunsu? Samari ne, ƙananan ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i. Malam Aminu Kano shekararsa 30 a wannan shekarar. Hajiya Gambo Sawaba tana 'yar shekara 17 ta shiga, an ɗaure ta har sau 16, an yi mata duka, an aske mata kai. Abin da ke gabansu ya fi daliget tsanani, domin En'e ce, wato hukumar sarakuna, da 'yan doka da alƙalai da gidan yari, ga 'yan bangar siyasa da ake kira 'yan mahaukata da ake sakar musu.

Ni na yi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano da ƙuruciyata. Mu muke sayen katin jam'iyya da kuɗinmu, mu ba da gudummawa, mu haɗa na mota mu je lacca a ƙauye. Ba ɗan takara ke ba mu ba, mu muke ba jam'iyya. Shi ya sa muke iya ɗaga wa shugaba murya a taro, ya saurara. A haka Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano a 1979 yana shekara 39, Balarabe Musa ya ci Kaduna, kuma suka soke haraji da jangali da suka daɗe suna cin talaka. Abin da nake gani yanzu, kuma yana ƙona mini rai, yaro ba zai je taron mazaɓarsu ba sai an ce akwai kuɗin mota. Wanda ya biya maka kuɗin mota zuwa taro, ai shi zai faɗa maka hannun wa za ka ɗaga.

Auwal Ɗan Gombe:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban isa in yi jayayya da abin da kuka gani da idonku ba. Sai dai zamaninku akwai masaƙu a Kaduna, akwai masana'antu a Bompai da Sharaɗa, saurayi na da albashi ko sana'ar da zai cire sisi ya ba jam'iyya. Mu fa? Mutum ya gama digiri yana tuƙa adaidaita ta haya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda ya ci sau biyu a rana ya gode wa Allah. Mai jin yunwa ba ya ƙin taliya, Baba.

Baba Iro Ƙofar Mata:
Ɗana, manoman da suka yi NEPU a ƙauyuka ba su da albashi, takalmi ma wasu ba su da shi. Ban zargi mai yunwa ba. Ku da kuka yi karatu nake wa magana, ku da ke da waya a hannu kuna karanta wannan.

Hauwa Malumfashi:
Ina gaida iyayenmu da yayyenmu. Tun da aka fara ake ta cewa matasa, amma maza kawai ake nufi. Mu ne muke cika layi ranar zaɓe, da goyo a baya, cikin rana. Amma a majalisar dattawan da aka rantsar a 2023, cikin kujeru 109 mata ba su wuce 4 ba, a majalisar wakilai kuma cikin 360 ba su kai 20 ba.

Na taɓa gwada shiga harkar a mazaɓarmu. Taro sai bayan isha'i, wani lokaci har sha biyun dare a gidan jagora. Wace budurwa iyayenta za su bar ta, wace matar aure mijinta zai yarda? Idan kika dage kika je, gobe sunanki ya zaga unguwa. Sai a ba ki muƙamin shugabar mata, aikinki raba atamfa da magi da tara mata su yi guɗa. Inda ake yanke wa za a ba tikiti kuwa, ko ƙofar ɗakin ba za ki gani ba. Duk da haka Rukayat Shittu ta ci kujerar majalisar jihar Kwara a 2023 tana shekara 26, kuma Sanata Aishatu Binani ta kayar da manyan maza a zaɓen fid da gwani na gwamnan Adamawa a 2022. Ana iyawa, amma sai an daina sa taro a lokacin da aka san ba za mu iya zuwa ba.

Malam Habu Sakatare:
Hauwa, ƙanwata, kin taɓo wurin. Na riƙe sakataren jam'iyya na mazaɓa, bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki, don yawancinku daga nesa kuke hango shi.

Ranar zaɓe ba ita ce ranar da ake zaɓe ba. Kafin ka je akwati an riga an zaɓa maka mutum biyu ko uku, kai dai ka dangwala wa ɗaya. Su wa suka zaɓo su? A zaɓen 2023, daliget ne. Daga ina daliget suka fito? Daga mazaɓa. Nijeriya na da mazaɓu 8,809, Kano kaɗai 484. Kowace jam'iyya tana da shugabanni a kowace mazaɓa: ciyaman, sakatare, ma'aji, shugabar mata, shugaban matasa, da sauransu. Ranar da ake zaɓen waɗannan shugabannin, wallahi wani lokaci mutanen da ke zuwa ba su cika aji ɗaya na firamare ba. Sai jagora ya aiko da takarda da sunaye a rubuce, a ce an yi maslaha, kowa ya sa hannu ya watse. Ba don doka ta hana a yi ƙato bayan ƙato ba ne, don babu wanda ya zo ya ce bai yarda ba.

Yanzu a ce samari da 'yan mata 200 na mazaɓa ɗaya sun yanki kati tun shekara biyu kafin zaɓe, suna zuwa taro, sun san kundin jam'iyyar, sunayensu na cikin rajista. Ranar kwangires, wato zaɓen shugabannin mazaɓa, suka zo suka tsaya suka ce layi za a yi. Ban ce lallai su ci ba, ana iya ɗage taron, ana iya kai shi wani wuri a ɓoye, na ga an yi. Amma daga ranar dole a zauna da su, dole a ba su kaso a cikin daliget. Jagora ba ya tsoron mai zaginsa a intanet, don ya san da kuɗin data zai saye wani ya rama masa. Wanda yake tsoro shi ne mai mutane a mazaɓa. Abin takaici, shugaban matasa a wurare da dama ɗan shekara 50 ne, kuma ba ƙwace ya yi ba, shi kaɗai ya nema.

Shamsu Na'ibawa:
Malam Habu, wannan bayani ya shige ni. Ke nan shawararka a fara daga ƙasa, kamar kansila?

Auwal Ɗan Gombe:
Kansilan ma ai ba a bar shi ba. Ku tuna zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Oktoban 2024. Hukumar zaɓen jiha ta fara sa kuɗin fom ɗin ciyaman miliyan 10, na kansila miliyan 5, sai da aka kai magana kotu. Da aka yi zaɓen, jam'iyya mai mulki ta kwashe ƙananan hukumomi 44 da kansiloli 484 gaba ɗaya. Kar wani ya ce ina sukar ɓangare ɗaya, haka ake yi a kusan kowace jiha, duk jam'iyyar da ke riƙe da gwamna ita ke cinye komai. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa kantomomi. To amma muddin gwamna ne ke naɗa hukumar da ke shirya zaɓen, kansila ɗauki-ɗora ne.

Malam Habu Sakatare:
Shi ya sa na ce cikin jam'iyya, ban ce takara ba. In dai sunan da aka rubuta shi ne zai ci, to yaƙin yana wurin rubuta sunan.

Barista Sadiya:
Ina so in ƙara abu ɗaya na doka, sannan in kawo wata hanyar da ba a ambata ba. Tsarin mulkin 1999 ya sharɗanta sai jam'iyya ta tsayar da kai. Masu fafutukar rage shekaru sun nemi a yarda da takarar kai da kai ba tare da jam'iyya ba, wannan ɓangaren bai wuce ba. Saboda haka maganar Malam Habu ba ra'ayi ba ce kawai, babu wata ƙofar sai ta jam'iyya.

Amma shiga harkar al'umma bai tsaya ga neman kujera ba. Ku tuna Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara. Daga 2010 gubar dalma ta wurin haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan yankin. An yi alƙawarin kuɗin share gubar daga ƙasar Bagega, kuɗi suka maƙale, likitoci kuma ba za su iya fara yi wa yara magani ba sai an share, don za su koma cikin gubar ne. A 2012 wasu samari, ciki har da Hamzat Lawal wanda a lokacin bai kai shekara 30 ba, suka fara bin sawun kuɗin. Suka je garin, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka dami 'yan majalisa da 'yan jarida. Farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Babu kansila ko ɗaya a cikinsu. Daga nan tafiyar Follow The Money mai bin sawun kuɗin gwamnati ta samo asali, ga kuma shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT da ke bin ayyukan mazaɓu.

Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kana da ikon rubuta wa ma'aikata ka tambayi nawa aka ware wa asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, wa aka ba kwangilar, kuma doka ta ba su kwana 7 su amsa. Sau da yawa ba sa amsawa, wannan gaskiya ne. Amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa hujja ce a kotu, hujja ce a gidan rediyo. Mutum nawa a zauren nan suka taɓa buɗe kasafin kuɗin jiharsu suka nemi sunan garinsu a ciki?

Nura Kawo:
Anti Barista, da girmamawa, wannan duk hanyar lallaɓa ce. Su waɗannan mutanen ba sa jin takarda, titi suke ji. A Kenya a Yunin 2024 matasa sun fito, shugaban ƙasa ya janye ƙudurin dokar haraji. A Senegal sun tsaya, Diomaye Faye ya fito daga kurkuku ana saura kwana 10 zaɓe, ya zama shugaban ƙasa yana shekara 44.

Barista Sadiya:
Nura, zanga-zangar lumana haƙƙi ce, ba zan taɓa cewa a daina ba. Amma mu dubi tamu ta 1 ga Agustan 2024 da idon basira. Yunwa ta gaske ce ta fito da mutane. Sai dai babu shugabannin da aka sani, babu masu tsare layi, babu jerin buƙatun da kowa ya haddace. Kafin la'asar ɓata-gari sun shiga, an fasa wurare a Kano, an sa dokar hana fita, daga baya wasu na ɗaga tutar Rasha. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, 'yan sanda suka musanta. Watan Nuwamba muka ga yara ƙanana a kotu a Abuja, bayan wata 3 a tsare, suna faɗuwa saboda galabaita, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Na yi kuka ranar. 'Ya'yan talakawa ne suka biya, kuma a lokacin farashin mudun shinkafa bai sauko ba. Senegal da ka kawo, jam'iyya ce da su, PASTEF, tun 2014 suke gina ta, sun shiga majalisa, sun ci kujerun magajin gari. Da titi ya buɗe musu hanya, akwai wanda za a dangwala wa.

Laminu Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya, ina biye da ku daga nan Nijar. Mu ma mun ga iri biyu. Zamanin Seyni Kountché an raya ƙungiyar matasa ta Samariya, kowane gari da sarkin samari, ana gayya, ana gina azuzuwan lakwal, ana shuka itace. Aiki ya yi kyau, amma gwamnati ke riƙe da linzami, ba a tambaya. Sai ran 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka yi maci a gadar Kennedy a Yamai, aka harbe 3. Abin da ya sa jininsu bai tafi a banza ba, ɗaliban na da ƙungiyarsu ta USN, suka haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago, har aka kai ga taron ƙasa na 1991 da ya kawo jam'iyyu da yawa. Ina tare da Barista a nan.

Nura Kawo:
Na ji, amma ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Ko dokar rage shekarun ai sai da aka yi maci zuwa majalisa kafin ta wuce.

Barista Sadiya:
Ƙwarai, an yi maci. An kuma bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, domin gyaran tsarin mulki sai jihohi 24 cikin 36 sun amince. Shekara 2 aka yi ana wannan zirga-zirgar.

Baba Iro Ƙofar Mata:
Akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma shi ya fi hana ni barci. Ƙannenku da ake ba ƙwaya da makami lokacin kamfen. A Kano a ce 'yan jagaliya da 'yan daba, a Gombe kalare, a Bauchi sara-suka. Su ma matasa ne, su ma suna cikin siyasa, sun ma fi ku shiga. Bayan an rantsar da mai gida ya canza lamba, makamin kuwa yana hannunsu, sai ya dawo kan wayar ɗiyata da ɗanka a bakin titi. Duk tafiyar da za ku yi in ba ku jawo waɗannan yaran ba, da su za a tarwatsa muku taro. Ku san su da sunansu, ku je majalisarsu, ku nema musu abin yi. Da yawansu ba su taɓa samun wanda ya kira su taro don a ji ra'ayinsu ba.

Kuma kar ku ɗauka ƙuruciya kaɗai cancanta ce. Mun ga waɗanda suka hau kujera da ƙananan shekaru suka fi tsofaffin ɓarna. Idan ubangida ne ya ɗora yaro, ubangidan ne ke mulki.

Auwal Ɗan Gombe:
Wannan ta ƙarshen ita nake faɗa tun ɗazu, Baba. Har yanzu ina kan bakana cewa in ba a rage kuɗin fom ba, aka kuma karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun gwamnoni, ɗan talaka zai daɗe bai ga kujera ba. Amma na yarda ban taɓa zuwa taron mazaɓarmu ba balle in san yadda ake rubuta sunayen. Malam Habu, yankar katin jam'iyya sai da wani ya tsaya maka?

Malam Habu Sakatare:
A'a. Ka je ofishin mazaɓarku da katin zaɓenka da hoto, ka nemi sakatare. Ka tabbata an sa sunanka a cikin rajista, ba kati kawai aka miƙo maka ba, don ranar rigima rajista ake buɗewa. Kuma kar ka je kai kaɗai. Wace jam'iyya, wannan ruwanka ne, ba zan zaɓa maka ba.

Shamsu Na'ibawa:
To ga abin da nake ba da shawara. Mu da ke Kano mu haɗu ranar Asabar mai zuwa. Malam Habu ya zo mana da kundin jam'iyya ya nuna mana yadda ake zaɓen shugabannin mazaɓa. Anti Barista ta koya mana rubuta takardar neman bayani, mu fara da aiki ɗaya tak, makarantar firamaren da rufinta ya yaye a unguwarmu, mu ga ko tana cikin kasafin bana. Na sauran garuruwa za mu turo muku abin da aka yi. Kowa ya biya wa kansa kuɗin mota, kamar yadda Baba ya ce. Bayan isha'i ya yi?

Hauwa Malumfashi:
Yaya Shamsu, bayan isha'i kuma? Ina Kano wannan makon, kuma akwai ƙawayena 4 da ke son zuwa. A sa shi bayan la'asar, a wurin da iyayenmu suka sani.

Shamsu Na'ibawa:
An gyara. Ƙarfe 4:30, bayan la'asar. Baba, ko za a ba mu aron zauren gidanka?

Baba Iro Ƙofar Mata:
Zaure naku ne. Ku zo da tabarmi, nawa ba za su isa ba.